Ɗan Mowa da Ɗan Bora a Gidan Mace Ɗaya: Lacca kan Fina-finan Matasan Amurka na Tsakiyar Ƙarni na 20





Na san tun da aka sanar da taken wannan lacca akwai wanda ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da muka buɗi ido da fina-finan Indiya da na Canis, daga baya muka samu namu na gida, ina ruwanmu da wasu tsofaffin fina-finan Amurka da aka yi tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke wannan zaure? Tambaya ce mai kyau, kuma da wata tambayar zan amsa ta.

A ƙasar Hausa idan aka ce wa da ƙane ba sa ga maciji da juna, me mutane suke fara tambaya? "Uwarsu ɗaya?" In aka ce a'a, sai kowa ya gyaɗa kai, ai ƴan ubanci ne, magana ta ƙare. Laifi ya koma kan kishiyoyi. In kuwa aka ce ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha, sai a yi jugum, domin ba mu tanadi amsar wannan ba. To, fina-finan da zan kawo muku yau an yi su ne a ƙasar da doka ta hana namiji auren mace biyu. Babu mowa, babu bora. Amma a kusan kowane gida da za mu leƙa, sai mun tarar da ɗan mowa da ɗan bora. Abin da nake so mu bi sawu a yammacin nan shi ne, in babu kishiya, wa ya haife su?

Yadda matashi ya zama kasuwa

Sai mun san gonar kafin mu yi maganar amfaninta. A farkon ƙarni na 20, yawancin ƴaƴan Amurka masu shekara 16 ko 17 sun riga sun bar makaranta, suna gona ko masana'anta. Daga yarinta sai girma, babu wani zango a tsakani. Zuwa shekarun 1950 lamarin ya juye: mafi yawansu suna makarantar sakandare, suna yini da sa'o'insu, suna da ɗan kuɗin kashewa, wasu har da mota. A 1944 aka fara buga mujallar Seventeen domin ƴan mata kawai. Ƴan kasuwa sun gano cewa an samu sabon jinsin mai saye.

A daidai wannan lokaci masu shirya fina-finai na Hollywood suna cikin tsaka mai wuya. A 1946 ana sayar da tikitin silima kusan miliyan 90 a kowane mako. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen silimarsu. Sai ga talabijin. A 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai kai ya mallake ta ba. A 1960 kusan gida tara cikin goma suna da ita. Iyaye suka zauna a falo. Wa ya rage yana fita da dare? Saurayi da budurwa, waɗanda ba abin da suke so kamar su bar falon nan. Silimar fili, wadda ake kallo daga cikin mota, ta haura 4,000 a 1958.

Manya kuma hankalinsu ba a kwance yake ba. A 1953 Majalisar Dattawan Amurka ta kafa kwamiti na musamman kan kangarewar yara. Koyarwar Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ta shiga gidaje ta hanyar mujallu da littattafan tarbiyya, har ta kai idan yaro ya lalace, kafin a tambayi me ya yi, sai an tambayi me aka yi masa. Ga kuma dokar tace fina-finai da aka tsaurara tun 1934, wadda ta hana a nuna mai laifi ya ci bulus, ta kuma hana bayyana abubuwa da dama na tsakanin mace da namiji. Mai fim yana son ya ja matashi, yana tsoron mai tacewa, yana kuma son uban yaron kada ya hana kuɗin tikiti. Rikicin ƴan'uwa a kan soyayya ya zame masa mafita: akwai zafi, akwai hawaye, kuma duk a cikin gida.

Latas, wake da dala dubu biyar

Bari mu zauna sosai a kan fim ɗaya, domin shi ne uwa ma ba da mama a wannan fanni. Sunansa East of Eden, wato gabas da Aljannar Adnin. Ya fito a watan Maris na 1955, Elia Kazan ya ba da umarni, an kuma ɗauko shi daga kashin ƙarshe na littafin John Steinbeck na 1952. Labarin yana faruwa a 1917, tsakanin garin manoma na Salinas da garin masunta na Monterey a jihar Kalifoniya.

Uba sunansa Adam Trask, mutum mai addini, mai gaskiya, wanda ba ya cin haƙƙin kowa. Ƴaƴansa biyu, Cal da Aron, waɗanda a littafin tagwaye ne. Ku lura da sunayen. Uba Adam, ƴaƴa kuma haruffan farkon sunayensu sun yi daidai da na Ƙabila da Habila a bakin Turawa. Steinbeck bai ɓoye ba, ƙissar da muke karantawa a Suratul Ma'ida ita ya sa wa rigar manoman Amurka: ƴan'uwa biyu, baiko biyu, an karɓi na ɗaya an mayar da na ɗaya.

Aron shi ne na kirki. Yana da ladabi, yana da budurwa mai hankali, Abra. Cal, wanda James Dean ya fito a matsayinsa, shi ne fitinanne: ba ya kallon mutum ido da ido, yana raɓe-raɓe a jikin bango, yana hawa saman taragon jirgin ƙasa ya tafi inda ba a aike shi ba. Uban ya gaya musu uwarsu ta rasu. Cal ya gano tana nan da ranta a Monterey, magajiya ce mai gidan kanta, kuma tabon da ke kafaɗar ubansa harsashinta ne, ranar da za ta gudu ta bar shi da jarirai. Daga nan Cal ya yanke wa kansa hukunci: Aron ya gado uba, shi ya gado uwa, mugun jini ne a jikinsa.

Adam ya zuba dukiyarsa a wata dabara: a loda latas a tarago, a lulluɓe da ƙanƙara, a kai gabashin ƙasar ba tare da ya lalace ba. Jirgi ya maƙale a hanya, ƙanƙara ta narke, latas ya ruɓe, jari ya tafi. Cal ya ga dama ta samu. Ya ji cewa idan Amurka ta shiga yaƙin duniya, wake zai yi tsada. Ya je wurin uwar nan da ba ta taɓa goya shi ba, ya ranto dala 5,000, ya shiga harkar wake. Akwai wani wuri da za ku gan shi kwance a kunya yana leƙen tsiron wake, sai ya tashi yana tsalle a tsakanin kunyoyi kamar ɗan akuya. Duk wanda ya taɓa shuka ya san wannan murnar. Amma shi ba waken yake gani ba, fuskar ubansa yake hangowa.

Sai ranar zagayowar haihuwar uban. A nan nake so ku ba ni hankalinku. Cal da Abra sun ƙawata falo. Cal ya naɗe kuɗin a takarda, hannunsa na rawa. Kafin a buɗe, sai Aron ya yi wuf ya ce shi ma yana da kyauta: ya sanar da cewa shi da Abra sun tsayar da maganar aure. Ita kanta Abra a nan ta fara ji. Fuskar uba ta washe, ya nuna babu kyautar da ta kai wannan. Sannan ya buɗe ƙunshin Cal. Da ya ji daga inda kuɗin suka fito, ya ce ba zai taɓa su ba. Shi yana cikin kwamitin da ke tura ƴaƴan mutane fagen fama, yaya zai ci ribar yaƙi? A mayar wa manoman da aka saye wakensu da araha. In Cal yana son ya ba shi kyauta, to ya ba shi rayuwa ta gari irin ta ɗan'uwansa.

A rubuce, an tsara Cal ya juya ya fice. Dean bai yi haka ba. Sai ya nufi Raymond Massey, dattijon da ya fito a uban, yana kuka, ya rungume shi, takardun kuɗi suna zubewa a tsakaninsu. Massey bai san za a yi haka ba. Sandarewar da za ku gani a jikinsa ta gaske ce, kuma Kazan ya bar ta a fim. Dama can mutanen biyu jininsu bai haɗu ba: Massey tsohon hannu ne mai haddace layinsa daidai, Dean kuwa ɗan sabuwar makarantar wasa ce ta Actors Studio, inda ake koya wa ɗan wasa ya tono ciwon kansa ya zuba a rawar da aka ba shi. Ciwon kuwa akwai shi. Mahaifiyar Dean ta rasu yana ɗan shekara tara, mahaifinsa ya tura shi riƙo wurin ƴan'uwa a jihar Indiana.

Yanzu in tambaye ku, malamai: Adam ya yi ƙarya? Bai yi ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, ribar yaƙi abar ƙyama ce. Wannan shi ya sa fim ɗin ya fi ƙarfin tatsuniya. Uban ba azzalumi ba ne, mai gaskiya ne da ya duba kuɗin bai dubi hannun da ya miƙo su ba. Yana iya mayar da kuɗin ya riƙe yaron. Sai ya haɗa su duka ya mayar.

Abin da ya biyo baya cikin dare ɗaya ya faru. Cal ya ja Aron zuwa Monterey, ya buɗe ƙofa, ya tura shi jikin uwar da yake zaton tana kabari, ya rufo. Aron, wanda bai taɓa ganin duniya sai fari da baƙi ba, ya sha ya bugu, ya hau jirgin sojoji, shi da yake ƙin yaƙi. Uban ya iso tasha, Aron ya fasa gilashin taga da kansa yana dariya, jirgi ya ja. Nan take uban ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Ku duba wanda ya karye. Ɗan boran ya sha wuya, amma wuyar ta koya masa zama da abin da ba shi da daɗi. Ɗan lelen, da aka rene shi a kan cewa shi tsarkakakke ne ɗan tsarkakakkiya, gaskiya ɗaya ta tarwatsa shi. Fifiko cuta biyu yake yi, kuma sau da yawa ta wanda aka fifita ta fi wuyar magani.

Mai kyau da mai ƙwaƙwalwa

Kada mata su ce an bar su a baya. A ƙarshen shekarar nan ta 1955 aka fitar da Picnic, wanda Joshua Logan ya ba da umarni, daga wasan kwaikwayon William Inge da ya ci lambar Pulitzer a 1953. Wani ƙaramin gari ne a jihar Kansas, ranar hutun ma'aikata, a farkon Satumba, lokacin da duk gari ke fita bakin kogi a ci a sha a yi wasanni.

Uwa, Flo, mijinta ya tafi ya bar ta da ƴaƴa mata biyu. Madge, wadda Kim Novak ta fito a matsayinta, ita ce mai kyau. Millie, wadda Susan Strasberg ta yi, ita ce mai ƙwaƙwalwa, kullum tana bayan gida da littafi, har ta samu tallafin shiga jami'a. Kowa a garin haka yake kiran su, kamar an buga musu hatimi a goshi. Uwar ta ƙallafa rai sai Madge ta auri Alan, ɗan mai manyan rumbunan hatsi na garin, tana yi mata tuni cewa kyan mace ɗan lokaci ne, a ci kasuwa tun da rana.

Abin da Inge ya gano, wanda marubuta da yawa ba sa ganowa, shi ne kowace cikin su biyun tana ganin ita ce ƴar bora. Millie tana ganin duk ido yana kan yayarta. Madge kuma ta gaji da zama abar kallo, tana jin cewa da Millie uwarsu take alfahari na gaske, ita kuwa kadara ce da ake jira a sayar. Gida ɗaya, ƴan bora biyu, babu wadda ta san ɗaya tana kuka.

Sai ga baƙo ya diro daga jirgin kaya, Hal, tsohon abokin Alan, ba aiki ba sisi, sai ƙirji da baki. William Holden ne ya yi shi, yana da shekara 37, abin da shi kansa ya san ya yi wa rawar tsufa. Aka haɗa Hal da Millie ya raka ta wurin taron. Yarinyar da ba ta damu da kwalliya ba, ranar ta sa riga mai kyau. Da dare, a kan wani dandamalin katako a bakin ruwa, Hal yana koya mata wani taku na rawa, ta kasa kamawa. Sai Madge, wadda aka naɗa sarauniyar bikin a daren, ta sauko daga matakala a hankali tana tafi daidai da kiɗan. Ba ta ce uffan ba. Hal ya juya. Millie ta koma gefe, ta ɗauki kwalbar barasar da wani ya ajiye. Minti kaɗan ne, amma duk wata ƙanwa da yayarta ta taɓa shiga ɗaki aka manta da ita za ta gane wurin nan.

Ƙarshen ne ya bambanta da na maza. Da Hal ya gudu ya bi jirgin kaya zuwa Tulsa, uwa tana roƙon Madge kada ta maimaita kuskurenta, Millie ce ta ce wa yayarta ta tashi ta bi shi, ta yi abin hankali sau ɗaya a rayuwarta. Wadda aka ƙwace wa ita ta buɗe ƙofa. Ko shawarar tana da kyau? Ni dai da ƴata ce, da na sha mata gaban mota. Amma ranar ce farko da ƴan'uwan nan biyu suka yi magana ba ta bakin sunayen da aka laƙaba musu ba.

Sauran, a gurguje

Da kasuwa ta buɗe, sai kowa ya kawo hajarsa. Tun a 1947 an taɓa abin da sigar barkwanci a The Bachelor and the Bobby-Soxer, inda Shirley Temple ta haukace a kan Cary Grant, ƙarshe yayarta alƙaliya ta same shi. A 1956 Elvis Presley ya fara fim da Love Me Tender: ƙane ya auri budurwar wansa bisa zaton wan ya mutu a yaƙin basasa, sai ga wa ya dawo. Elvis ya mutu a ƙarshen labarin, kuma don a lallashi ƴan matan da ke kallo, aka ɗora hotonsa yana waƙa a kan rufewar fim ɗin.

A Rebel Without a Cause, babban fim ɗin Dean na biyu, akwai ɗan wurin da mutane kan wuce. Judy, wadda Natalie Wood ta yi, ta sumbaci mahaifinta a wurin cin abinci kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, ya kwaɗa mata mari wai ta girma, alhali ƙanenta yana nan ana wasa da shi. Ta fice, kuma a daren ta manne wa wanda ya fara yi mata kallon mutunci.

A 1961 Kazan da Inge suka haɗu a Splendor in the Grass. Attajirin mai a Kansas ya ɗora duk burinsa a kan ɗansa Bud, sai ya je jami'ar Yale, ya kuma hana shi auren yarinyar da yake so. Ƴarsa Ginny kuwa ya shafe ta daga lissafi, ita ma ta shiga yin duk abin da zai tabbatar da zatonsa. Shekara guda bayan haka, a All Fall Down, ƙane yana bauta wa wansa kamar gunki, har wan ya lalata rayuwar matar da ƙanen yake ƙauna a ɓoye. Yaron ya ɗauki bindiga, ya je, ya tarar da wan yana kuka, ya ajiye. Ƙabilan wannan labari ya fasa.

To ina soyayyar?

Za ku ce, Malam, an ce mana da soyayya, kai kuwa sai maganar iyaye kake yi. Ai nan gizo ke saƙar. A fina-finan Indiya da muka saba da su, da namu na Kano, idan maza biyu suna son mace ɗaya, macen ce ake yi dominta. A waɗannan kuwa, in ka ɗaga soyayyar ka leƙa ƙarƙashinta, sai ka tarar da wata shari'a da aka faɗi a gida, aka ɗaukaka ƙara zuwa waje. Yaron da uba ya ce ba shi da kirki yana neman wanda zai ce yana da shi, kuma babu shaidar da ta kai ta wadda ta san ɗan kirkin ciki da bai, ta kuma zaɓi fitinannen.

Shi ya sa Abra ta fi kowa muhimmanci a East of Eden, kuma Julie Harris ta ba ta haƙƙinta. Akwai inda take ba Cal labarin cewa da mahaifinta ya sake aure, ta ɗauke zoben lu'ulu'un da ya ba amaryar ta jefa a kogi, don tana ganin an daina son ta. Ita ma ta ɗanɗani zaman bora, ta san warinsa. Aron yana son ta ne a matsayin mala'ika, ita kuwa ta san ita mutum ce. A saman wani babban lilon ƙarfe na wurin wasa, sama da fitilun gari, ta sumbaci Cal, nan take ta janye tana cewa Aron take so. Mai tacewa ya samu abin da yake so, mai kallo kuma ya riga ya gane.

Kada mu manta, soyayyar nan ba ta wasa ba ce a zamanin. A 1956 rabin matan Amurka suna yin auren fari ne kafin su wuce shekara 20 da ƴan watanni. Yarinyar da ke kallon Madge tana hawa bas, ita ma baɗi ko baɗin baɗaɗa za ta yanke irin wannan shawara.

Abin da madubin bai nuna ba

Adalci ya sa in faɗi inda fina-finan nan suka gaza. Na farko, duk gidajen da muka shiga na fararen fata ne. James Dean ya mutu a hatsarin mota ranar 30 ga Satumba, 1955, yana da shekara 24, babban fim ɗinsa ɗaya kacal ya fito yana raye, ƙasa ta ɗauki makoki. Wata guda kafin nan, a jihar Mississippi, an sace wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, aka kashe shi aka jefa a kogi, kotu ta sallami waɗanda suka yi. Shi ma matashin Amurka ne na 1955. Ƙasar da ta iya zubar da hawaye a kan ɗan bora na cikin falo, ita kanta tana da ƴaƴan bora miliyoyi a bayan gida, kuma Hollywood ta daɗe kafin ta juya kyamara wajensu.

Na biyu, sun cika sauke wa yaro nauyi. Idan komai laifin uba ne, ina hisabin Cal, wanda ya rusa ɗan'uwansa da gangan? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, gaskiya ne, amma ɓeran dai ya yi sata. Kuma Aron, da jirgi ya tafi da shi, fim ɗin bai sake waiwayarsa ba. An bar shi a hanya domin a samu sulhu ya yi daɗin kallo.

Kujera a bakin gado

Mu koma tambayar da muka fara da ita. In babu kishiya, wa ya haifi ɗan mowa da ɗan bora? Amsar da fina-finan nan suka bayar ita ce: bakin iyaye da idonsu. Suna ne ake laƙaba wa yaro tun bai san kansa ba, wannan mai hankali, wancan sai addu'a, wannan mai kyau, waccan mai karatu, sai yaro ya girma ya cika sunansa. Kishiya tana iya hura wutar, amma sau da yawa mun ɗora mata laifin kunna ta ne don ta fi sauƙin zargi. Mun san hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shaida, ya ƙi, ya umarce shi da daidaita ƴaƴansa. Mukan taƙaita wannan a kan gona da kuɗi. To yabo fa? Wa ake kira ya gaida baƙi, wa ake cewa ya shiga ciki?

Al'adunmu sun bambanta da nasu, ban musa ba. Ba'amurke yana jiran uba ya rungume shi ya furta masa ƙauna. Mu da muke da kunyar ɗan fari, uwa ma ba ta kiran sunansa, ba mu jiran wannan. Amma muna da abin da muke jira, kuma kowa a zauren nan ya san nauyinsa: ka kawo ɗan abin da ka samu, komai ƙanƙantarsa, tsoho ya karɓa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Abin da Cal ya noma wake domin ya saya ke nan, bai san ba a sayar da shi ba.

Ga yadda Kazan ya rufe fim ɗinsa. Adam yana kwance, ba ya motsi, da ƙyar yake magana. Cal ya nemi gafara, bai samu amsa ba, ya yi shirin barin gari. Abra ta shiga ita kaɗai ta roƙi tsohon. Ba ta ce ya yafe ba. Ta ce ya nemi wani abu a wurin yaron, ko mene ne, don ya san ana ƙaunarsa. Ta jawo Cal ya dawo. Akwai wata nas mai surutu da ta ishi kowa. Tsohon ya motsa baki, Cal ya kai kunne: ya sallami matar nan, kada kuma ya nemo wata, shi da kansa ya zauna ya yi jinyarsa.

Mutumin da ya mayar da dala dubbai ya roƙi a zauna a yi jinyarsa. Cal ya jawo kujera ya zauna a bakin gadon.

Iyayen da ke nan, da waɗanda za su zama iyaye gobe, kowa ya san wane ne Cal a gidansa. In kun koma, ku aike shi. Ku nemi wani abu a hannunsa, in ya kawo ku karɓa da hannu biyu. Kada a jira sai ɓarin jiki ya shanye.

Shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, ga malamaina nan, su gyara.